Yoyon da Ke Sabar Rabin Inci

Idan mutum ya shigo layinmu daga bakin titi, shago na huɗu a hannun hagu, tsakanin mai aski da mai kwafin takardu, nan ce fadar Rabin Inci. Fada dai a baki, don idan mutum uku suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. Bututai jingine a bango, tsohon gwangwanin fenti cike da kawunan famfo da suka mutu, teburi mai ƙafa uku da bulo, sai benci da ya sha zama har ya yi santsi.

Sunan ya samo shi ne tun yana ɗan koyo. Maigidan da ya koya masa gyaran famfo ya dube shi ranar farko, siriri, gajere, wuya kamar na buta, ya ce wannan ai rabin inci ne. Maigidan ya daɗe da rasuwa, sunan yana nan. Yau gemunsa ya yi fari fat, amma ko takarda aka kawo masa, idan mai kawowa ya faɗi sunansa na gaskiya sai 'yan layin su ce ba su san shi ba.

Shekara talatin da ɗoriya yana hawa tankunan mutane yana leƙa ƙarƙashin bahonsu. Kuma yana da huɗuba guda da ba ya gajiya da ita. Duk maigidan da ya zo ya ce ruwa ba ya isa bene, yana so a sa masa babban tanki, sai Rabin Inci ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, tanki ajiya yake yi, bututu ne ke bayarwa. Ko teku ka ɗora a rufin, idan bututun siriri ne, ɗigo za ka samu." Ya faɗa ya faɗa, har ta kai da ya ce "tanki ajiya" sai mai aski ya ƙarasa masa daga bayan bango, almakashi a hannu.

Wata rana tsani ya zame da shi daga saman wani gida. Allah ya sa da sauran kwana, amma ƙugu ya tafi. Likita ya ce hawa ya ƙare, durƙuso ma a yi da lissafi. Wata huɗu yana kwance yana ƙirga layukan silin, matarsa tana riƙe da gidan da ƙanƙarar da take sayarwa daga firijinta. Da ya fara takawa da sanda, ya dawo shago ya zauna, sai masu koyo suka riƙa zuwa da tambaya. Wannan injinsa ya ƙi jan ruwa, wancan gam ɗinsa ba ya kamawa. Da ya ga bakinsa zai tsage da maimaici, ya ɗaure wayarsa a jikin guntun bututu da wayar ƙarfe, ya saita ta kan teburi, ya fara ɗaukar darasi. Hannuwansa kawai ake gani da muryarsa. Mai aski ya ce wannan rahama ce ga masu kallo.

Da farko a babban shafin nan na kyauta yake sawa, inda kowa ke zuba nasa. Sai dai bangon da ke tsakaninsa da mai aski katako ne, rediyon mai aski kuwa ba ta san hutu ba. Masu shafin suka ce kiɗan da ke fitowa a bayan darasin yana da mai shi. Sun yi masa gargaɗi sau uku da rubutun da bai tsaya karantawa ba, a na huɗu suka rufe masa ƙofa da bidiyo tamanin a ciki. Ba don Mai Kwafi ta ajiye masa su a kwamfutarta ba, da sai dai labari.

Mai Kwafi ita ce maƙwabciyarsa ta ɗaya gefen, mace mai tabarau da gajeren haƙuri, wadda takardun rabin garin suka bi ta hannunta. Yaya take ce masa, shi kuma ƙanwata, duk da ba su haɗa komai ba sai bango. Ranar da aka kore shi ya ce mata ya gama zaman karo a gidan wani. Ita ta haɗa masa ɗan shafinsa, ta kama masa hayar saba. Ta yi masa bayani cewa saba kwamfuta ce da ke wani gini can, ba a kashe ta dare da rana, a cikinta bidiyonsa suke zaune, duk mai son kallo daga nan ake miƙo masa. A hankali mutum arba'in da uku suka yi rajista, suna biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba duk wata. Da wannan Rabin Inci ya koma sa hannu a tukunyar gidansa.

Matsala ɗaya ce. Wajen sha tara ga wata, wani lokaci ashirin, sai shafin ya faɗi. Allo fari, layi ɗaya na rubutu, shi ke nan sai wata ya kama.

Ana cikin haka wata safiya mota ta tsaya a bakin shagon. Wata mata ta fito da jaka a hammata, ta ce ita ce shugabar wata makarantar koyon sana'a. Wani malaminta ne ya nuna mata darasin gano toshewa, ta ga mutumin ya san abin da yake yi. Tana da ɗalibai ɗari biyu. Daga ɗaya ga watan gobe za su yi gwajin wata guda, su kalla a aji su kalla a gida. Idan abin ya tafi daidai, makaranta za ta ɗauke shi duk shekara.

"Amma Baba, magana ɗaya," in ji ta. "Idan na tara yara a aji allo ya yi fari ko sau ɗaya, mun rabu. Akwai masu sayar da irinsa, naka na fi so ne kawai. Shafin naka yana faɗuwa?"

"Wane irin faɗuwa," in ji Rabin Inci. "Ni ne dai na faɗo, shi yana nan daram."

Mai aski ya yi wani tari daga bayan katako, tarin da ba na mura ba. Ranar kuwa takwas ga wata, saura mako uku.

Abin da ya ba shi ƙarfin yin wannan cika baki shi ne, yana ganin ya riga ya gyara. Lokacin da Mai Kwafi ta yi tafiyar wata biyu jinyar mahaifiyarta, shafin ya faɗi, ya ce shi ba yaro ba ne da zai jira mace ta dawo. Ya buga waya da kansa zuwa kamfanin da ke ba shi hayar sabar ya ce, "Kayana sun yi yawa, a ƙara mini wuri." Suka ce to, da ƙarin kuɗi. Wata na gaba ya sake faɗuwa, ya sake bugawa, "Wurin bai isa ba, a ninka." Suka ninka, su me ya dame su. Yanzu yana zaune da tabbacin wannan karon ko giwa ce ta shiga, wurin zai ɗauke ta.

Da yamma ya kai wa Mai Kwafi albishir, ya haɗa da labarin dabararsa. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta buɗe asusun nasa a kwamfuta. Ta daɗe tana kallo.

"Yaya, wurin da ka saya, kashi ɗaya cikin goma ka cika. Sauran fili ne fetal, ko ƙwallo a buga."

"To me ke kayar da shi?"

"Ga shi nan a rubuce a farin allon, da ka kawo an karanta maka. Bandiwit ɗinka ne ke ƙarewa."

Mai aski, wanda ba shi da kowa a kujera, tuni ya leƙo da kai. "Banɗakinsa ne ya cika? Mai gyaran famfo guda? Kai tsoho, ka ba mu kunya."

"Bandiwit," in ji Mai Kwafi. "Wurin ajiya daban, hanyar fita daban. Kowane mai kallo ta hanyar nan ake zuba masa bidiyon. Akwai iya abin da aka yarda ya bi ta cikinta a wata, akwai kuma iya faɗinta a lokaci ɗaya. Idan ka sha rabonka sai su rufe. Kai kuma kana ta ƙara..."

Ba ta ƙarasa ba, don ta ga fuskarsa. Rabin Inci ya zauna a hankali kan kwalin takardu, sanda tsakanin gwiwoyi.

"Tanki," ya ce can ƙasa. "Tanki na yi ta saya."

"Sau biyu," in ji mai aski cikin jin daɗi. "Ranka ya daɗe, tanki ajiya yake yi..."

"Ka rufe mini baki."

"Wanzami dai ba ya son jarfa, ni na fi kowa sani."

Har mako ya zagayo, duk wanda ya wuce shagon sai ya tambaye shi ko an sami ruwa a bene. Bai kula kowa ba. Mutum ne da kunya ba ta kwantar da shi, sai dai ta sa shi ɗaure wando.

A gida, bayan an ci abinci, ya fara zagaye-zagaye. Ya yaba ƙanƙarar ranar, ya ce firijin nan kam ya yi ƙarko, ko yanzu aka kai shi kasuwa zai yi daraja. Matar ta ajiye kwanon da take wankewa.

"Baban yara, ɗago idonka daga kan firijina."

"Kallo kawai na yi."

"Na san kallon. Haka ka kalli kekena na ɗinki kafin ka sayi injin huda bango. Ka saurara. Abin da mutanenka arba'in da uku ke biya, rabi na tukunya ne, ba na taɓuwa. Ɗaya rabin ka kai wa sabarka ta cinye. Ko ƙwandala ba ƙari. Idan makarantar ta ɗauke ka, sai mu yi wata maganar."

"Kuɗin makaranta sai bayan gwaji."

"To ka yi gwajin da abin da ke hannunka. Wa ya aike ka sayen fili a cikin kwamfuta, mu da muke haya?"

Ya san ta yi gaskiya, shi ya sa ya yi fushi ya fita tsakar gida shan iska.

Washegari aka fara nema. Da zarar Mai Kwafi ta sami sarari tsakanin masu kwafi, sai ya ja kujera kusa da ita su shiga shafukan masu ba da haya. Manyan kamfanoni suna da bututu kam, amma kuɗin watansu guda ya kai hayar shagonsa ta wata huɗu. Waɗansu kuma ba sa faɗin farashi gaba ɗaya, sai su ce ka sha iya shanka, ƙarshen wata a auna. Rabin Inci ya ce ya ga gidajen da irin wannan mitar ta sa maigida hawan jini, a wuce.

Sai masu araha. Su kowa da babban rubutu, ba iyaka, ba iyaka, da ɗan tauraro a gefe kamar ƙuda a bakin kofi. Ya ce a danna masa tauraron. Mai Kwafi ta karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, ashe ba iyakar tana nan muddin ba ka sha da yawa ba, kuma ban da bidiyo.

"Wato kogi ne, amma da cokali ake ɗiba," in ji shi. "Araha dai ba ta ado."

Daga nan ya ƙirƙiro tambayarsa, wadda duk wanda suka buga wa waya sai ya sha ta. Zai karɓi wayar ya ce, "Ɗana, bar dogon Turanci. Bakin bututun naku inci nawa ne, kuma gida nawa ke sha a kansa?" Wasu su yi dariya, wani ya kashe. Mai Kwafi tana gefe tana mayar musu da ita yarensu, gudun layin nawa ne, mutum nawa aka haɗa a kai. Abin mamaki, wannan ce tambayar da yawancinsu ba sa son amsawa.

Kwana tara suna wannan. A na goma, wani da ya zo kwafin takardar haya ya ce ai akwai wani ƙaramin kamfani a saman kantin magani, bayan tashar mota. Rabin Inci ya hau bas, ya sauka, ya tarar da matakala ashirin da biyu. Ya hau su ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana gaisawa da ƙugunsa.

Mai sabar mutum ne mai ƙaton ciki da rigar sanyi, a garin da kowa ke gumi. Da aka yi masa tambayar inci, bai yi dariya ba. Ya tashi ya buɗe wata ƙofar ƙarfe, sanyi ya bugo, ga akwatuna jere a kanta suna ƙyafta ƙananan fitilu. Ya nuna wata waya mai ruwan ɗorawa.

"Ga babban layinmu, Baba. Faɗinsa kaza ne, mutum goma sha biyu ke kansa, kai ne na sha uku idan ka shigo. Ban ce maka ba iyaka ba. Akwai iyaka, a rubuce, kuma zan ba ka mita ka riƙa gani da idonka."

Rabin Inci ya duba yadda aka ɗaure wayoyin, kowace da alamarta, babu wadda ta hau wata. A ransa ya ce wannan ya yi koyo a hannun maigida mai duka. Suka koma ofis. Mai sabar ya nuna masa farashi hawa uku. Na ƙasa, kuɗinsa ya yi daidai da rabin da matarsa ta yanke masa. Na tsakiya ya ɗara da kashi ɗaya cikin uku. Na sama kuwa ba a maganarsa. Sai mutumin ya duba takardar tsohon kamfanin da Mai Kwafi ta bugo, ya girgiza kai.

"Baba, abin da kake sha yanzu ma ya kusa cika na tsakiya. Idan ɗari biyu suka hau, na sama ne kawai zai ɗauke ka. Ba zan karɓi kuɗinka in bar ka ka faɗi ba."

Rabin Inci ya karɓi takardar ya ƙura mata ido, shi da lambobin suna kallon juna. "Mutum arba'in da uku ne fa. Rabinsu sai sun sami matsala suke leƙowa. Idan kowannensu ya kalli darasi ɗaya kullum, nawa zai kama?"

Mai sabar ya danna na'urar lissafi. Abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke takardar ba.

"To gidan mutum arba'in ba ya shan ruwan unguwa," in ji Rabin Inci, ya miƙe da sandarsa. "Akwai yoyo. Ka riƙe mini wurin nan kwana uku."

Saukowa ta fi hawa wuya, amma bai ji ba. Wannan aikin nasa ne. Duk gidan da mita ke gudu fiye da hankali, hanya ɗaya ce, a rufe kowane famfo, a hana kowa taɓa ruwa, a je a tsuguna gaban mita. Idan ta tsaya, mutanen gidan ne ke ɓarna. Idan tana juyawa, ruwa na fita ta inda ba a sani ba.

"Ƙanwata, rufe mini duk famfunan."

"Wane famfo kuma, Yaya?"

"Shafin. Ki kulle ƙofar yadda ko ni ba zan shiga ba, amma ki bar kayan a tanki. Daga safe zuwa la'asar. Ki aika wa mutanena cewa ana gyara."

Ta ce ita ba ta taɓa jin an yi haka ba, akwai hanyoyin da masu ilimin abin suke bi. Ya ce su bi tasu. Washegari ƙarfe takwas ta kulle, ta buɗe masa mitar tsohon kamfanin a allo. Ya zauna gabanta da kofin shayi. Babu mai iya shiga shafin, amma lambar tana hawa. Ƙarfe tara, goma, sha ɗaya, tana ta tafiya abinta kamar an aike ta.

"Kin gani? Ba yoyo ba ne ma. Yoyo ɗiga yake yi. Wannan ja aka yi."

Mai Kwafi ta gyara tabarau, yanzu abin ya fara ba ta haushi. Ta tono wani dogon jeri da sabar ke rubutawa na duk wanda ya karɓi kaya da inda ya fito. Layi bayan layi, bidiyo ɗaya ne, na ɗaura injin jan ruwa, kuma adireshi ɗaya ke nemansa. Ta kwafa ta buɗe. Sai ga shafin wani babban kantin kayan famfo na can tsallaken gari, injuna jere da farashinsu, a tsakiya kuma hannuwan Rabin Inci suna ɗaura tiyo. Ko dannawa ba a yi, da an buɗe shafin yake fara kansa. Duk wanda ya leƙa neman farashi, daga tankin Rabin Inci ake shayar da shi.

"Kai, ashe ka yi suna," in ji mai aski. "Har da ɓarayi."

Mai Kwafi ta ce minti biyar ya ishe ta ta toshe. Ya ce ta dakata, ba a yanke wa mutum ruwa sai an yi masa sallama. Ya sake hawa bas.

Mai kantin yana zaune bayan gilashi, fanka biyu a kansa. Ya saurara yana juya makullin mota a yatsa.

"Baba, wanda ya haɗa mana shafin ne ya sa, ni ban san ta kan abin ba. Kuma ai tallarka muke yi kyauta. Mutum dubu nawa ke ganin hannunka?"

"Hannuna suke gani, injinka suke saya. Ni kuma nake biyan ruwan. Duk wanda na taɓa kamawa ya huda layin maƙwabci, cewa yake ruwa na Allah ne. Na Allah ne, amma bututun da mai shi. Ban zo faɗa ba, ɗana. Ko in sa maka mita ka riƙa biyan kaza duk wata, ko in yanke."

Mai kantin ya yi dariya har da buga teburi. "Yanke, Baba. A gaida gida."

Da ya dawo, bai ce a toshe ba. Ya saita wayarsa a kan teburi ya ɗauki wani ɗan guntu, bai kai numfashi uku ba. Hannunsa ne yana murɗa famfo har ruwan ya ɗauke, sai muryarsa a natse, "An yanke ruwan kantin nan, maigidan bai biya ba." Ya ce wa Mai Kwafi ta canza wa darasin injin suna, ta sa wannan a gurbinsa da tsohon sunan. Ta yi dariyar da sai da ta cire tabarau, sannan ta yi.

Kwana biyu duk wanda ya buɗe shafin kantin da wannan sanarwa yake cin karo, wanda ya haɗa musu shafin kuma wayarsa a kashe. A rana ta uku mota ta tsaya a layinmu. Mai kantin ya fito ba makulli a yatsa, ya sunkuyo ya shiga fadar, ƙafa ɗaya a waje.

"Baba, wasa ya isa haka. Masu bina kuɗin kaya sun fara bugo waya suna tambaya ko na karye ne."

"Sannu da zuwa. Ga benci."

Mai kantin zai iya cewa a cire bidiyon gaba ɗaya ya huta. Amma shi ya san tun da aka sa shi masu dawo da inji suna cewa ya ƙi aiki suka ragu. Aka yi ciniki, mai aski yana sa baki ba a gayyace shi ba. Rabin Inci bai tsawwala ba, abin da ke tsakanin hawan ƙasa da na tsakiya ya nema, da sharaɗi biyu. Bidiyon ba zai ƙara fara kansa ba sai an danna, don famfo a buɗe ba tarbiyya ba ce. Kuma a rubuta sunan shafinsa a ƙasa. Mai kantin ya biya wata uku a take.

Sauran kwanakin aikin Mai Kwafi ne. Ta gano wayar tasa tana ɗaukar kowane darasi da nauyin da ya isa a haska shi a bangon bene, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta rage, ba tare da zaren tef ɗin da yake naɗa wa bututu ya ɓace wa mai kallo ba. Ya tsaya a kanta sai da ya tabbatar ana ganin kowane zare. Aka kwashe kaya daga tsohon kamfani zuwa saman kantin magani, aka sallami filin da ba kowa.

Ɗaya ga wata, ƙarfe tara saura, Rabin Inci yana shagon Mai Kwafi da wankakkiyar riga kamar ɗaliban za su gan shi. Mai sabar ya ba su mita mai zanen layi, da jan layi a sama wanda ba a so a taɓa. Ƙarfe tara daidai zanen ya miƙe tsaye. Ya hau, ya hau, ya wuce rabi. Mai aski ya bar wani da rabin kai a kujera ya zo ya tsaya. Zanen ya matso har saura faɗin yatsa biyu, ya yi rawa a nan, sannan ya kwanta ya bi gefe.

"Ya riƙe," in ji Mai Kwafi.

"Duk sun buɗe a tare ne, shi ya sa. Yanzu kowa ya sami rabonsa." Rabin Inci ya saki sandar da ya shaƙe, ya juya ga mai aski. "Kai kuma je ka ƙarasa wa bawan Allah kansa."

Kullum da safe haka ya riƙa zuwa yana duba mita kafin ya buɗe shago. A mako na uku ya ga shan ya fi lissafinsa, ɗaliban sun kama wani darasi suna ta maimaitawa saboda jarrabawa. Bai jira ba, ya sa aka ɗauke tsofaffin darussa goma da makaranta ba ta buƙata zuwa ƙarshen wata, ya buga wa mutanensa na da waya ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri. Biyu suka yi fushi suka fita. Watan ya ƙare da ɗan saura a mita, kamar abin da ke ragewa a gindin bokiti.

Shugabar ta zo da takarda a jaka. Ta zauna a benci, ta ce allo bai yi fari ba ko sau ɗaya, ga inda zai sa hannu. Ya sa, a hankali, harafi bayan harafi.

"Sai dai Baba, zango mai zuwa reshenmu na biyu zai shigo. Ɗari huɗu ke nan."

Rabin Inci ya jawo wani guntun kwali da fensir. "Lokaci ɗaya za su buɗe, ko za a iya rarrabawa?"

"Da ƙarfe tara muka saba."

"To waɗancan su saba da sha ɗaya," ya ce, ya fara ja wa kwalin layi.